Baƙon Da Ke Shigowa Tare Da Sabuwar Ƙoda

Duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon ƙoda ya san babu ranar da dangi ke ɗoki kamar ranar da likita zai fito daga ɗakin tiyata ya ce an yi dashe lafiya, sabuwar ƙoda ta kama aiki. A ran nan akan yi ta hamdala, a yi ta sa wa wanda ya ba da ƙodarsa albarka, kowa ya ɗauka wahalar wankin ƙoda sau biyu ko sau uku a mako ta wuce ke nan. Lalle an yi babban rabo. Amma likitocin da suka daɗe a wannan aiki sun san tsugune ba ta ƙare ba, domin sau da yawa ƙodar ba ita kaɗai take shigowa ba. Takan zo da wani ɗan mitsitsin baƙo a ɓoye cikinta, wanda in aka yi sake da shi zai iya cinye ta sannu a hankali cikin 'yan watanni, ba zazzaɓi, ba ciwo, ba wata alama da mutum zai ji a jikinsa. Sunan wannan baƙo bairos ɗin BK, shi ne kuwa abin da filin nan zai duba a wannan mako.

ASALIN SUNAN

Cikin 1971 ne wata masaniyar cututtuka a Landan, Dokta Sylvia Gardner, tare da abokan aikinta, suka ba da labarin wani sabon bairos da suka gano a fitsarin wani mutumin Sudan da aka yi wa dashen ƙoda a birnin. Bayan dashen, bututun da ke kai fitsari daga ƙodar zuwa mafitsara ya tsuke, da aka duba fitsarin da madubin lantarki mai ƙara girman abu, sai aka ga waɗansu 'yan dunƙule-dunƙule waɗanda ba a san su ba. Da yake haruffan farko na sunan mutumin B da K ne, sai aka laƙaba wa bairos ɗin su, har yau kuwa da su ake kiransa. A wannan shekarar kuma masana a Amurka suka gano ɗan'uwansa, wanda ake kira JC, mai kama ƙwaƙwalwa.

Ƙanƙantarsa ta wuce misali, don in aka jera guda 20,000 a layi ɗaya da ƙyar za su cika milimita 1. Ginin jikinsa kuwa ba shi da wuya. Yana da riga ta furotin, a cikinta kuma akwai zaren gado, watau DNA, wanda ya zagaye kamar zobe. Haruffan da ke rubuce a wannan zare ba su wuce 5,000 da 'yan kai ba, alhali kuwa na ɗan Adam sun kai wajen miliyan 3,000.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, da wuya a ce shi kansa ba ya ɗauke da wannan bairos. Binciken jini a ƙasashe dabam-dabam ya nuna kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na manya sun taɓa kamuwa da shi, galibi tun suna yara, kafin su kai shekara 10. Yaro ba ya kwanciya saboda shi, in ta yi tsanani ya yi ɗan mura ya warke. Garkuwar jiki takan danne shi amma ba ta raba mutum da shi, sai ya lallaɓa ya laɓe a cikin ƙoda da hanyoyin fitsari, ya yi lamo har ƙarshen rayuwar mai shi. Muddin garkuwa na da ƙarfinta, ba a jin ɗuriyarsa.

SAI BANGO YA TSAGE

Dashen ƙoda na farko da ya ɗore an yi shi ne ran 23 ga watan Disamba 1954 a birnin Boston na Amurka, a hannun Dokta Joseph Murray. Wanda ya bayar da wanda ya karɓa tagwaye ne masu kama ɗaya, saboda haka jikin maras lafiyar bai ga ƙodar a matsayin baƙuwa ba. Sauran mutane kuwa ba haka abin yake ba. Da zarar an dasa wa mutum ƙodar wani, ko da ta ɗan'uwansa ce uwa ɗaya uba ɗaya, garkuwar jikinsa za ta tasam mata da yaƙi, sai fa in an kwantar da garkuwar da magunguna waɗanda zai riƙa sha kullum muddin ƙodar na jikinsa.

A farkon shekarun 1960 aka soma amfani da azatayoprin, a shekarun 1980 saiklosporin ya yaɗu, sa'an nan a tsakiyar shekarun 1990 aka shigo da takrolimus da maikofenolet, waɗanda suka fi na baya ƙarfi. Waɗannan sababbin magunguna sun rage yawan waɗanda jikinsu ke ƙin ƙoda ƙwarai da gaske. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Cikin 1995 likitoci a birnin Pittsburgh na Amurka suka ba da rahoton wani maras lafiya da bairos ɗin BK ya kama naman ƙodar da aka dasa masa, ba a jima ba kuwa asibitoci a ƙasashe da yawa suka soma ganin irin haka.

A waɗancan shekaru an yi hasara mai yawa, har akwai asibitocin da rabin waɗanda cutar ta kama suka rasa ƙodar. Dalili kuwa, in aka tsakuro ɗan naman ƙodar da allura aka duba a madubi, ɓarnar bairos ɗin tana kama da ɓarnar da garkuwa ke yi sa'ad da jiki ya ƙi ƙoda. Sai likita ya ƙara maganin danne garkuwa da niyyar ceto, ashe hanya ya ƙara buɗe wa bairos. Garin neman ƙiba aka samo rama.

Lissafin da likitoci suka tara tun daga lokacin ya nuna cewa, cikin kowane mutum 100 da aka yi wa dashen ƙoda, wajen 30 zuwa 40 akan ga bairos ɗin a fitsarinsu, 10 zuwa 20 yakan haura cikin jininsu, 1 zuwa 10 kuma yakan kama naman ƙodar sosai. Galibi cikin shekarar farko abin ke faruwa, kuma bi da bi yake tafiya: fitsari da fari, bayan 'yan makonni jini, daga nan sai ƙoda. Yadda yake ɓarnar shi ne, yakan shiga ƙwayoyin halittar da suka shimfiɗe ƙananan bututun da ke tace fitsari, ya hayayyafa a cikinsu har su fashe, 'ya'yansa su bazu zuwa na kusa. Wurin ya kumbura, daga baya ya zama tabo, naman da ya zama tabo kuwa ba ya komawa aiki har abada.

A nan ne wata tambaya ta taso wadda ta daɗe tana damun masana. Waɗanda aka dasa wa zuciya ko hanta su ma suna shan irin waɗannan magunguna, wani lokaci ma fiye, kuma su ma suna ɗauke da bairos ɗin a ƙodojinsu na haihuwa, amma ba safai yake lalata su ba. Me ya sa sai ƙodar dashe? Wani ɓangare na amsar shi ne rauni da wahalar da ƙodar ke sha sa'ad da aka cire ta aka dasa. Ɗaya ɓangaren kuwa yana cikin zaren gadon bairos ɗin kansa.

GIDA ƊAYA, IRI HUƊU

Da masana suka karanta haruffan zaren gadon bairos ɗin da aka tattaro daga sassan duniya, sai suka tarar sunan ne ɗaya, amma ya kasu iri huɗu manya. Iri na ɗaya shi ya fi yawa ko'ina, don shi ne wajen kashi 80 cikin 100. Iri na huɗu ke bi masa da wajen kashi 15, an fi samunsa kuwa a gabashin Asiya da waɗansu sassan Turai. Na biyu da na uku ba su da yawa. Har ila yau iri na ɗaya ya sake rabuwa rassa-rassa. Binciken masanan Japan ya nuna akwai reshen da ya fi yawa a Afirka, akwai na Turai, akwai na kudu maso gabashin Asiya, akwai kuma na arewa maso gabashinta, abin da ya sa suke ganin bairos ɗin ya bi 'yan Adam ne cikin ƙaurace-ƙauracensu tun zamanin da.

Kowane ɗaya daga cikin huɗun yana iya lalata ƙoda. Muhimmancin bambancin yana wajen riga. Garkuwar jiki tana ƙera waɗansu sinadarai a cikin jini waɗanda aikinsu kamar na dogarai ne a ƙofar gari, da rigarsa suke gane ɓarawo su damƙe shi kafin ya shiga gida. Bambancin haruffan da ke tsakanin iri huɗun nan kuwa ya taɓa daidai wurin da dogaran ke kamawa a jikin rigar. A 2012 da 2013 masana a Cibiyar Binciken Ciwon Daji ta Ƙasar Amurka, a ƙarƙashin Dokta Christopher Buck, suka nuna cewa sinadaran da jiki ya ƙera domin iri na ɗaya ba lalle su iya tare iri na huɗu ba. Kama da wane ba ta wane.

To, mai karatu ya auna abin da ke faruwa a ranar dashe. Mai karɓa tun yana yaro ya gamu da iri guda, dogaransa sun san shi sarai. Mai bayarwa kuwa wataƙila wani iri dabam ne ke kwance a ƙodarsa, bai taɓa damunsa ba domin nasa dogaran sun san shi. Aka ɗauko ƙodar da baƙon da ke cikinta aka kai jikin da bai san shi ba, aka kuma ɗaure hannun garkuwar wannan jiki da magani. Cikin 2018 likitoci a birnin Strasbourg na Faransa suka ba da sakamakon bin diddigin da suka yi wa waɗanda aka yi wa dashe, inda suka tarar cewa mafi yawan waɗanda bairos ɗin ya tashi a jikinsu da wuri, irin na mai bayarwa ne ya tashi, kuma waɗanda jininsu ba shi da isassun sinadaran tare wannan irin a ranar dashe su ne suka fi shiga haɗari.

YANA SAUYAWA A CIKIN JIKI

Bugu da ƙari, bairos ɗin ba ya tsayawa yadda ya shigo. In ya sami watanni yana hayayyafa ba mai tsawata masa, zaren gadonsa yakan sauya a cikin jikin maras lafiyar ta fuska biyu.

Ta farko ita ce rigar. Jikin ɗan Adam yana da wani sinadari da ake kira APOBEC3, wanda aikinsa shi ne ya ɓata haruffan zaren gadon bairos don ya kassara shi. Wani bincike da aka buga a 2018 ya nuna cewa wani lokaci ɓatancin yakan faɗa daidai wurin da dogarai ke gane rigar, sai bairos ɗin da aka so a kassara ya fito da sabuwar kama, ya wuce ta gabansu ba su shaida shi ba.

Ta biyu ita ce linzami. A jikin zoben gadon akwai wani ɗan yanki mai haruffa 'yan ɗaruruwa wanda shi ke tsara saurin hayayyafar bairos ɗin, kamar yadda linzami ke tsara gudun doki. A fitsarin mai lafiya akan sami wannan yanki a cike yadda aka san shi. Amma cikin 2008 masana a birnin Basel na ƙasar Suwizalan, a ƙarƙashin Farfesa Hans Hirsch, suka nuna cewa a jinin waɗanda bairos ya daɗe yana yawo, akan sami waɗanda wani gutsure na linzamin ya ɓace ko ya ninku. Irin waɗannan sun fi saurin hayayyafa, adadinsu a jini yakan ninka na sauran sau da yawa, ɓarnarsu a naman ƙoda kuma ta fi tsanani. Darasin a fili yake: kowane watan da aka ƙyale shi, dama aka ba shi ya ƙara zama abin da zai yi wuyar kamawa.

Bambancin haruffan ya taɓa har gwajin da ake neman bairos ɗin da shi. Gwajin PCR yana aiki ne ta hanyar neman waɗansu jerin haruffa da aka riga aka sani, ya ƙirga yawansu. Gwaje-gwajen farko da yawa an tsara su ne bisa haruffan iri na ɗaya, saboda haka in maras lafiya na ɗauke da wani iri, sai ƙirgen ya fito ƙasa da gaskiya, likita ya saki jiki. An gyara da yawa daga cikinsu, kuma a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa ma'auni guda da ɗakunan gwaji za su riƙa daidaita nasu da shi. Duk da haka likitoci na ba da shawara mutum ya lizimci ɗakin gwaji ɗaya, domin a iya kwatanta sakamakon wannan wata da na watan jiya.

GABA KURA BAYA SAYAKI

Har yanzu babu wani magani da aka tabbatar yana kashe bairos ɗin BK. An gwada da dama. A wani gwaji da aka yi a Kanada, wanda aka buga a 2014, an ba waɗanda aka yi wa dashe maganin lebofuloksasin har wata 3, bai hana bairos ɗin tashi ba, sai ma ya ƙara yawan cututtukan bakteriya masu bijire wa magani. Abin da ya rage a hannun likita shi ne ya sassauta maganin danne garkuwa, ya kwance wa dogarai hannu kaɗan, su yi aikinsu. In ya sassauta da yawa, garkuwa za ta juya kan ƙodar. In ya sassauta kaɗan, bairos zai ci gaba da cinta. Wannan awo aikin ƙwararre ne, saboda haka ba a yarda maras lafiya ya rage ko ya daina shan maganinsa da kansa ba ko da rana ɗaya.

Abin farin ciki shi ne, in aka tari abin da wuri ana cin nasara. A wani bincike da aka buga a 2005, likitoci a birnin St. Louis na Amurka sun bi mutum 200 da gwaji a kai a kai bayan dashe. Kashi 35 cikin 100 an ga bairos a fitsarinsu, wajen kashi 12 kuma a jininsu. Da aka sassauta wa waɗannan magani nan da nan, kusan dukkansu bairos ɗin ya ɓace daga jininsu, babu kuma ko ɗaya da aka ga ya kama naman ƙodarsa.

Wannan ne ya sa ƙa'idojin likitocin ƙoda na duniya na 2009 suka ce a riƙa gwada jini kowane wata a watanni 3 zuwa 6 na farko, sa'an nan kowane wata 3 har shekara ta cika. Yarjejeniyar masana ta 2024 ta ƙara tsaurarawa, ta ce kowane wata har wata na 9, daga nan kowane wata 3 har shekara 2. In aka sami fiye da guda 10,000 a mililita 1 na jini, ko fiye da 1,000 da ya ƙi sauka bayan an sake gwaji, lokacin sake duba magani ya yi. Gwajin kiriyatinin da aka saba yi don ganin aikin ƙoda ba ya maye gurbin wannan, domin kafin kiriyatinin ya hau, tabo ya riga ya soma kama ƙodar.

ABIN DA YA SHAFI GIDA

A Nijeriya an yi dashen ƙoda na farko cikin 2000 a Asibitin St. Nicholas da ke Ikko, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya soma nasa a 2002, waɗansu asibitocin kuma suka biyo baya. Mutane da dama har yanzu sukan tafi Indiya ko Masar a yi musu. Kowa ya san yadda akan haɗa kuɗin, a sayar da gona, a sayar da fili, dangi su yi karo-karo, wani lokaci gwamnatin jiha ko wani mai hali ya tallafa. Galibi lissafin yakan tsaya ne a kan tiyata da jirgi da maganin watannin farko. Gwajin jini na wata-wata har shekara 2 ba safai yake shiga ciki ba, alhali kuwa kuɗinsa bai taka kara ya karya ba in aka gwada shi da kuɗin dashen, ko da na komawa wankin ƙoda.

Saboda haka ya kamata iyalin da ke shirin dashe su tambayi likita tun kafin a shiga tiyata: a ina za a riƙa gwajin BK, sau nawa, nawa ne kuɗinsa, wa kuma zai karanta sakamakon. Wanda aka yi wa a ƙasar waje kada ya baro asibitin sai da cikakkun takardu masu nuna magungunan da aka ba shi da gwajin da aka riga aka yi, da ya iso gida kuwa ya miƙa kansa ga likitan ƙoda a makon farko, kada ya jira sai ya ji ciwo, domin wannan cuta ba ta yin sallama. Hukumomi da attajiran da ke ɗaukar nauyin dashe su ma ya dace su sa kuɗin gwajin cikin tallafinsu, manyan asibitocin da ke dashe kuma su tanadi gwajin da ke gane iri huɗun duka.

Akwai abubuwa uku da ya kamata a kawar da shakka a kansu. Na ɗaya, wanda ya ba da ƙoda ba shi da laifi in bairos ya tashi, don abu ne da kusan kowa ke ɗauke da shi ba da saninsa ba, kuma ba dalili ba ne na ƙin taimakon ɗan'uwa. Na biyu, babu bukatar a ƙaurace wa maras lafiyar ko a ware masa kwano, domin mutanen gidan galibi sun gamu da bairos ɗin tun suna yara. Na uku, wanda ya rasa ƙoda ta wannan hanya bai kamata ya fid da rai ba, ana iya sake yi masa dashe bayan bairos ɗin ya sauka daga jininsa, kuma an ga da yawa sun zauna lafiya bayan haka.

Ƙoda kyauta ce da wani ya yanko daga jikinsa ya bayar, ba kowa ke samun irinta sau biyu ba. Riƙonta da kyau yana farawa ne daga ranar da ake lissafin kuɗin tiyata, a ware na gwajin jini tun a lokacin. Tun ran gini, ran zane.